Wanzami da Ɗan Ƙididdiga

A teburin mai shayi a Aboabo, Kumasi. Baba Wanzami ya ajiye zabirarsa kenan sai ga ɗan maƙwabcinsa, mai aiki a ofishin ƙididdiga.

WANZAMI: Ɗana, an ce ku ne masu ƙirga arzikin Ghana. Koko dai a sikeli ake ɗora shi, zinariyar Obuasi ma haka. Aikin likita fa, da wane mudu?

ƊAN ƘIDIDDIGA: Baba, aikin asibitin gwamnati ba shi da farashin kasuwa. A tsohuwar hanya sai a tara abin da aka kashe, albashi da magani da kuɗin wuta, a ce aikin ke nan.

WANZAMI: Wato a ɗebi likita goma su zauna suna hamma, ƙasa ta yi arziki?

ƊAN ƘIDIDDIGA: A takarda dai. Shi ya sa Ingila ta sa wani masanin tattalin arziki mai suna Atkinson ya duba lamarin, rahotonsa ya fito a 2005. Yanzu aikin kansa ake son ƙirgawa: haihuwa nawa, tiyata nawa, kowanne da nauyinsa gwargwadon kuɗin da yake ci. Tiyatar zuciya ba ɗaurin miki ba ce.

WANZAMI: Madalla. Mai ciwon baya ya zo, na kafa masa ƙaho sau ɗaya ya miƙe. Wani wanzamin kuwa sau tara ana komawa wurinsa, bayan na nan yadda yake. A littafinku wa ya fi aiki?

ƊAN ƘIDIDDIGA: (ya kurɓi shayi) Shi.

MAI SHAYI: To in an raba gidan sauro, zazzaɓi ya ragu, layin asibiti ya gajarce? Sai ku ce an ci baya?

ƊAN ƘIDIDDIGA: Nan ne gizo ke saƙa. Dole a haɗa da inganci: ya warke? Ya rayu?

WANZAMI: Ni ba wanda ya taɓa dawo mini da ƙorafi.

MAI SHAYI: Ina za su dawo, Baba, suna maƙabartar Tafo?

WANZAMI: Rufe mini baki, mai sayar da ruwan zafi! Ɗana, ni kuna ƙirga ni kuwa?

ƊAN ƘIDIDDIGA: Ana ƙoƙari. A 2010 da aka sabunta lissafi, arzikin ƙasa ya ƙaru da kusan kashi 60 cikin 100, don akwai ayyukan da ba a ƙirga su sosai ba.

MAI SHAYI: Ni ko pesuwa ban gani ba.

WANZAMI: Ɗauko biro! Aski, ƙaho, kaciya, cire beli, rabin zangon nan ta hannuna suka bi. Amma tsaya. Takardar nan tana zuwa wajen masu haraji?

ƊAN ƘIDIDDIGA: A'a Baba, doka ta hana.

WANZAMI: Duk da haka, rubuta na bar sana'a tun zamanin Rawlings.

ƊAN ƘIDIDDIGA: Zabirar nan fa?

WANZAMI: Goro ne a ciki.