Caroline Garcia da bashin da ba ta ci ba

Da Caroline Garcia ta buga wasanta na ƙarshe a gasar US Open a watan Agustan 2025, masu bin wasan tanis sun rabu gida biyu. Wasu suka yi mata jinjina. Wasu kuma suka girgiza kai suka ce, kai, yarinyar nan ba ta kai inda aka zata ba. Da waɗannan na biyun nake son yin magana, domin maganarsu ta daɗe tana bin 'yar wasan ta Faransa a baya, tun tana da shekara 17.

Asalin zancen a birnin Paris ne, a gasar Roland Garros ta 2011. An ba Garcia gurbin alfarma ta shiga gasar, ta haye zagayen farko, sai ta ci karo da Maria Sharapova, wadda a lokacin ta riga ta ɗaga manyan kofuna uku. Yarinyar da kusan ba wanda ya san ta a wajen Faransa ta cinye zubin farko da 6-3, ta kuma wuce gaba da 4-1 a na biyu. Ana cikin haka ɗan wasan tanis na Birtaniya Andy Murray ya rubuta a Twitter cewa wannan da ke karawa da Sharapova wata rana za ta zama ta ɗaya a duniya, kuma a tuna daga bakinsa aka fara ji. Garcia ba ta ƙara cin komai a wasan ba. Sharapova ta farfaɗo ta ƙwace zubi na biyu, ta share na uku da 6-0. Wasan ya wuce, maganar Murray ta zauna daram.

Murray da kyakkyawar niyya ya faɗa, wannan ba a musu. Amma shi ya kamata ya fi kowa sanin nauyin irin wannan magana. A lokacin yana da shekara 24, bai ci ko ɗaya daga manyan gasa huɗu na tanis ba, wato Australian Open da Roland Garros da Wimbledon da US Open, kuma Birtaniya gaba ɗaya ta ɗora masa jiran da take yi tun 1936 na ganin ɗanta ya lashe Wimbledon. Shi kansa sai a ƙarshen 2016 ya hau matsayi na ɗaya. Kamar yaron nan ne da ya yi ta ɗaya a aji uku na firamare, dangi suka fara kiransa Dokta. Daga ranar, ko babban ɗan kasuwa ya zama mai ma'aikata hamsin, akwai gwaggon da za ta ce, Allah sarki, da likita aka so ya zama.

To mu duba abin da Garcia ta yi da hannunta. Kofuna 11 ta ci ita kaɗai a gasannin WTA, hukumar ƙwararrun 'yan wasan tanis mata. Sau biyu ta lashe Roland Garros a wasan 'yan bibbiyu tare da Kristina Mladenovic, a 2016 da 2022. A 2017 ta tafi ƙasar Sin ta ci gasar Wuhan, mako na gaba ta ci ta Beijing, inda ta doke Ashleigh Barty a wasan ƙarshe na ɗaya da Simona Halep a ɗayan, mata biyu da dukansu suka hau matsayi na ɗaya daga baya. A 2019 ta taimaka wa Faransa ta ɗauko kofin ƙasashe na mata, Fed Cup, a birnin Perth, a gaban 'yan Ostareliya da ke cike da filin, ita da Mladenovic suka yanke hukunci a wasa na biyar. Ta kai ta huɗu a jerin gwanayen duniya a 2018, ta faɗo, ta sake komawa ta huɗu a 2022. Tun da aka fara lissafin matsayi da kwamfuta a 1975 har zuwa lokacin ritayarta a 2025, matan da suka taɓa hawa na ɗaya ba su cika 30 ba, kuma Bafaranshiya ɗaya ce kacal a cikinsu, Amélie Mauresmo. Idan wannan ne ma'aunin, kusan duk wadda ta taɓa riƙe raket ta gaza.

Ba zan ce wasanta ba shi da aibi ba. Wanda ya kalle ta ya san inda take tsayawa in abokiyar karawa za ta buɗe wasa da bugu. Yawancin 'yan wasa ja da baya suke yi, su ba kansu sarari. Garcia shiga take yi, taku ɗaya ko biyu cikin layin baya, tana jiran ƙwallon da ke zuwa da gudun da ya fi na mota a babbar hanya, ta tare shi tun bai gama tashi ba. Ranar da hannunta ya faɗa daidai, abokiyar karawa ba ta samun sukunin numfashi, a ƙarshe ka ga Garcia ta buɗe hannuwa tana kewaya fili kamar jirgin sama, yadda ta saba murna. Ranar da bai faɗa ba kuwa, ƙwallo sai raga, sai waje, kuma ba za ta ja baya ko taku ɗaya ba. Masu sharhi sun yi ta roƙonta ta tanadi dabara ta biyu. A ganina suna da gaskiya a nan, taurin kan ya ci mata wasannin da ya kamata ta ci. Haka ma maganar mahaifinta, Louis-Paul, wanda shi ne kocinta tun tana ƙarama har zuwa 2021. Shi ya gina ta, amma na fi karkata ga masu cewa ta daɗe ba ta ji wata murya ba. Sakamakonta a manyan gasa huɗu shi ne shaidarsu: wasan kusa da na ƙarshe sau ɗaya, a New York a 2022, inda Ons Jabeur ta Tunisiya ta tsayar da ita, sai kuma kwata fainal ɗaya a Paris a 2017.

Paris ɗin ma wani kaya ne na daban. Rabon da Bafaranshiya ta ci Roland Garros ita kaɗai tun Mary Pierce a 2000. Mauresmo, da duk kofunanta na Ostareliya da Wimbledon a 2006, ba ta taɓa wuce kwata fainal a gida ba. A 2015 Garcia ta fito fili ta ce ta nemi a sa ta a ƙaramin fili, aka ƙi, aka kai ta babban filin Philippe-Chatrier, Donna Vekic ta fitar da ita a zagayen farko. Mutane da yawa suka ɗauki wannan a matsayin rauni. Ni na ga 'yar shekara 21 da ta san kanta ta kuma faɗi gaskiya, masu shirya gasa suka fi son cika kujeru.

Shekarar 2022 ita ce amsarta mafi ƙarfi. A farkon shekarar tana fama da ciwon ƙafa, ta faɗo ƙasa da ta 70 a duniya, an fara yi mata kallon wadda ruwanta ya ƙare. Sai ta ci gasar Bad Homburg a Jamus a filin ciyawa. Ta wuce Warsaw, a filin jar ƙasa, ta doke Iga Swiatek a garinsu lokacin tana ta ɗaya a duniya, ta ɗauki kofin. A Cincinnati sai da ta bi ta wasannin share fage kafin ta shiga gasar, ta kuma lashe ta, abin da ba a taɓa yi ba a gasar mata mai wannan daraja. A watan Nuwamba, a Fort Worth da ke jihar Texas, ta doke Aryna Sabalenka ta ci gasar gwanaye takwas ta ƙarshen shekara, kwanaki kaɗan bayan kocinta Bertrand Perret ya ajiye aiki. Fili iri uku, kofi huɗu, cikin wata biyar.

Abin da ta faɗa bayan wannan nasara ya fi nasarar ɗaukar hankalina. A farkon 2023 ta shaida wa jaridar L'Équipe cewa ta yi fama da larurar ci ba ƙaƙƙautawa, irin wadda mutum ke cusa abinci don ya toshe damuwa, ita kaɗai a ɗakin otal bayan an doke ta. Mai kallon ƙwallon ƙafa ba lallai ya gane wannan kaɗaicin ba. Ɗan ƙwallo yana da kulob mai biyansa albashi ko ya buga ko bai buga ba, yana da abokai goma da za a raba laifi da su. 'Yar tanis ita ce kamfanin kanta. Ita ke biyan koci da mai gasa jiki da kuɗin jirgi da masauki, daga Janairu zuwa Nuwamba, kuma a kowace gasa mutum ɗaya ne kawai ke komawa gida ba a doke shi ba. Makin da ta tara bana kuwa, in shekara ta zagayo ba ta maimaita ba, gogewa yake yi. Shi ya sa 2023 ta zame wa Garcia shekarar tsaron abin da ke hannu. A watan Satumban 2024 ta dakatar da wasa kafin ƙarshen kaka, ta ce fargaba da firgici sun yi mata yawa.

Makonni kaɗan kafin nan ne ta yi abin da nake ganin za a fi tuna ta da shi. Renata Zarazúa ta Meziko ta fitar da ita a zagayen farko na US Open, sai ta wallafa kaɗan daga cikin saƙonnin da suka shigo wayarta. Wani ya ce ta kashe kanta. Wani ya yi wa mahaifiyarta fatan mutuwa. Ba ta tsaya kan kuka da zagin ba, ta nuna inda yake fitowa: 'yan cacar da tikitinsu ya tsinke a kanta, da kuma gasannin da ke ƙulla yarjejeniya da kamfanonin caca suna jawo sababbin mutane ciki. Ta ce an daɗe da daina barin kamfanonin sigari su ɗauki nauyin wasanni, amma ga shi ana tallata caca.

Alƙaluma sun goya mata baya. Rahoton da WTA da hukumar tanis ta duniya, ITF, suka fitar a 2025 ya nuna cewa kashi 40 cikin ɗari na saƙonnin cin zarafin da aka gano an aika wa 'yan wasa mata a 2024 daga fusatattun 'yan caca suka fito. Tanis ya fi sauran wasanni saurin faɗawa wannan rami saboda yadda aka gina shi. Ana iya zuba kuɗi a kan kowane maki, alƙali na danna sakamako a na'urarsa, cikin daƙiƙa ya isa wayar mai caca a wata nahiya. Kuma idan kuɗi ya tafi, babu mai tsaron gida ko ɗan baya da za a ɗora wa laifi, suna ɗaya ne a kan tikitin. Duk wanda ya taɓa zama kusa da matasan da ke buga cacar ƙwallon Turai a garuruwanmu ya ji irin ashar ɗin da ake zunduma wa ɗan wasan da ya ɓarar da fenareti. Bambancin kawai, a nan ashar ɗin yana isa wayar mai shi, tana zaune ita kaɗai.

A nan ne nake ganin mai hasashe da mai caca sun haɗu, ko da yake ba zan daidaita su ba, ɗaya masoyi ne, ɗaya kuwa mai zagi. Dukansu sun yanke wa Garcia abin da za ta zama ba tare da an tambaye ta ba, sannan aka dawo ana bin ta bashi. Faransa ma ba ta daddara ba. A Roland Garros ɗin da Garcia ta yi ban kwana da shi a 2025, Loïs Boisson, wadda ke matsayi na 361 a duniya, ta shiga da gurbin alfarma ta kai wasan kusa da na ƙarshe, ta doke Jessica Pegula da Mirra Andreeva a hanya. Kafin ta gama share gumi an fara lissafa mata kofunan da za ta ci.

Akwai hujjar da masu kare kuɗin caca ke kawowa, kuma ba ta banza ba ce. Ƙananan gasa, inda 'yan wasan da ke matsayi na 300 ko 500 ke neman na abinci, suna rayuwa ne da kuɗin sayar da bayanan wasa ga waɗannan kamfanoni. A janye kuɗin, wasu gasannin su mutu. Tarihi ma yana da nasa abin dariyar, domin gasar mata ta ƙwararru da gwanar tanis ta Amurka Billie Jean King da abokanta suka kafa a 1970 da kuɗin sigarin Virginia Slims ta tashi. Sai dai wannan tarihin a wajena hujjar Garcia ce, tunda tanis ɗin mata ya rabu da sigari bai mutu ba, kuɗinsa ma ƙaruwa ya yi. Sannan akwai rashin adalcin da ke tsakiyar tsarin: doka ta hana 'yar wasa tallata kamfanin caca, amma gasar da take bugawa na iya karɓar kuɗinsa. Kuɗin ya shiga aljihun gasa, zagin ya shiga wayar 'yar wasa.

Abin da hukumomi suka yi ya zuwa yanzu tace saƙonni ne. Roland Garros ta samar wa 'yan wasa manhajar Bodyguard a 2023 don ɓoye zagi kafin su gani, WTA da ITF kuma suna da tsarin bibiyar masu barazana. Yana da amfani, amma ɓoye wa mutum saƙo ba ya taɓa wanda ya aiko shi. Kamfanonin caca sun san sunan kowane mai asusu da lambar katinsa na banki. Hukumomin tanis na iya sanya sharaɗi a cikin kowace yarjejeniya cewa duk wanda aka kama ya yi wa 'yar wasa barazana a rufe asusunsa a duk kamfanonin da ke sayen bayanan wasan, a kuma miƙa sunansa ga 'yan sanda. Kamfanin da ya ƙi, a hana shi bayanan. Garcia a nata ɓangaren ta sanar bayan ritayarta cewa wani kamfanin caca ya yi wa shirin tattaunawarta na intanet, Tennis Insider Club, tayin kuɗi masu kauri, ta mayar masa da abinsa.