Garkuwar babban babur: Jamus da Zariya ba lissafinsu ɗaya ba

A nan Jamus, wanda ya sayi babban babur na dogon zango, irin BMW R 1250 GS ko Honda Africa Twin, kafin ya hau shi sau goma ya riga ya lulluɓe shi da ƙarfe sama da ƙasa. Touratech da SW-Motech da Hepco & Becker, masu ƙera irin wannan garkuwa, duk kamfanonin ƙasar ne, kaya ba sa wuyar samu. Amma da yawan baburan nan ba sa sauka daga kwalta, in kuma wani abu ya fashe, motar ADAC, ƙungiyar da ke kai wa masu ababen hawa ɗauki a hanya, za ta zo ta ɗauka. Rabin garkuwar ado ce. Wanda zai tashi daga Kwangila ya nufi Giwa ko Soba, ya ratse ta hanyar ƙauye, in murfin injinsa ya tsage sai an yi oda daga waje, babur ya yi makonni a zaure yana shan ƙura. Don haka a ganina kada Bazazzagi ya kwafi jerin sayayyar Bature. Ya fara da abin da in ya lalace sai an kwaso shi a a-kori-kura.

Farantin ƙarƙashin inji shi ne kan gaba. Da damina ruwa yana zaizaye jar ƙasa ya bar marmara tsirara, ga tudun rage gudu da 'yan unguwa ke ginawa da siminti ba awo. Abin da ke fuskantar wannan duka shi ne kaskon baƙin mai. Huda ɗaya ta isa mai ya tsiyaye, inji ya ƙone. Siririn farantin da yawanci ke zuwa da babur tsakuwa kawai yake tarewa. A nemi na alminiyam mai kaurin milimita 4 zuwa 5, wanda kan notinsa ya nutse ciki don kada dutse ya aske shi. A duba inda ake ɗaure shi. Mai kama firam ya fi. A GS kuwa injin ne ƙashin bayan babur, a jikinsa farantin ke ɗauruwa, saboda haka dole a sami matashin roba tsakani, in ba haka ba dukan ya wuce kai tsaye zuwa inji. Bayan an shiga caɓi a wanke cikinsa, domin laka in ta bushe a wurin tana riƙe zafi.

Sai garkuwar hannu. Faɗuwar da ta fi yawa ba ta gudu ba ce, ta tsaye ce: yashi ya ja taya, ƙafa ba ta kai ƙasa ba, babur ya kwanta, hannun kuloci ya karye. Robar da ke tare iska ba ta hana wannan. Ana son mai ƙashin alminiyam da ya zagaye hannu ya ɗauru a wuri biyu, irin na kamfanin Barkbusters. A auna kaurin kan babur kafin a saya. In an ɗaura, a juya kan har ƙarshe hagu da dama, a tabbatar bai taɓa tanki ba, kuma bakin hannun birki bai goga garkuwar ba.

Inda ake yawan kuskure shi ne ƙarfen da ke kare gefen inji. Masu walda a Sabon Gari da Tudun Wada sun iya hannunsu, amma sun saba da Boxer, wanda nauyinsa kilo ɗari da 'yan kai ne. GS da cikakken tanki kilo 249 ne, Yamaha Ténéré 700 ma ya haura 200. Abin da ya riƙe wancan ba zai riƙe wannan ba. Wani kuma sai ya ce a yi masa da rodi mai kauri don ya fi ƙarfi, ya manta cewa an yi wannan ƙarfen ne don ya lanƙwashe ya shanye duka. In ya ƙi lanƙwasa, ƙarfin faɗuwar zai bi shi har inda aka ɗaure shi, ya yage kunnen firam ko ya tsaga jikin inji. An gudu ba a tsira ba. Fayif ɗin ruwa shi ma bai dace ba, yana da ɗinki a tsawonsa, yana kuma tsukewa a inda aka lanƙwasa shi.

Wanda zai ba mai walda aikin, ya tafi masa da awo: bututun ƙarfe mai faɗin milimita 25 zuwa 27, kaurin bangonsa kamar milimita 2, ya ɗauru a wuri uku kowane gefe, a haɗa hagu da dama da sanda ta gaba don nauyin ya rabu. A bar tazarar yatsa biyu tsakaninsa da bodi, kada kuma faɗinsa ya wuce na kan babur. Da noti za a ɗaura shi. Ba a yin walda a jikin firam, zafi yana raunana shi, wutar kuma tana iya ƙona kwamfutar inji. Ƙarfen sama mai kare tanki, wanda ake ji da shi a nan Jamus, ni a ƙarshe zan sa shi, nauyi ne yake ƙarawa a sama inda ba a so.

Noti ma abin dubawa ne. A ga lamba 8.8 ko 10.9 a kansa, ita ke nuna ƙarfinsa. Mai 8.8 na milimita 8 ana ɗaure shi kusan Nm 25 (ma'aunin ƙarfin ɗauri), amma na maɗaurin inji a bi littafin babur, da sifana mai awo, ba da ƙarfin damtse ba. A saka dukan notunan sako-sako tukuna, sannan a bi su ana ɗaurewa. A sa jak a ƙarƙashin inji, a yi gefe ɗaya a gama kafin a kwance ɗayan. A ɗiga gam mai hana noti kwancewa, Loctite 243, shuɗin, ban da ja mai wuyar kwancewa. Bayan kamar kilomita 100 a sake bin su.

Ragar lagireto tana da amfani, sai dai zafin Maris da Afrilu a Zariya ba na Turai ba ne. Mai ƙananan ƙofofi tana toshewa da ƙura da 'ya'yan ciyawa, inji ya yi ta zafi a cunkoson PZ. A zaɓi mai buɗaɗɗun ido, a riƙa wanke ta. Ƙananan sandunan roba da ake sa wa baburan tsere kuwa a bar su, a turɓaya cakewa suke su wuntsila babur.

Akwatunan alminiyam na gefe suna da kyau a hoto, amma a hanya mai yashi, in mahayi ya sa ƙafa ƙasa, su ne ke danne ƙwauri. Jakar tamfol ta fi, da takalmi mai tsawo mai taurin idon sawu, da hular kwano mai tambarin gwajin inganci na ECE 22.06.