Kututturen Yesse bai mutu ba

Salama gare ku 'yan'uwa cikin Kristi.

A bayan gidanmu akwai wani dogon yaro da aka sare bara saboda yana taɓa wayar wuta, aka bar kututture kawai, yara har zama suke a kai suna shan rake. Jiya da sassafe na fita zubar da ruwa, ga sanyin hunturu ga ƙura, sai na hangi toho biyu kore shar sun ɓullo ta gefe, alhali rabonmu da ruwan sama tun Oktoba fa. Nan take Ishaya 11:1 ta faɗo min a rai, inda aka ce toho zai fito daga kututturen Yesse, mahaifin Sarki Dawuda.

Kututture fa aka ce, abin da kowa ya fid da rai a kansa. Ishaya ya yi annabci wajen shekara 700 kafin a haifi Yesu, lokacin Assuriya tana cinye ƙasashe ɗaya bayan ɗaya, daga baya Babila ta zo ta ƙone Urushalima ta kwashe mutane bauta, sarautar gidan Dawuda ta faɗi warwas har jikan sarakuna, Yusufu mijin Maryamu, ya koma aikin kafinta a Nazarat. Mika 5:2 ma da ya tashi nuna garin da mai mulkin zai fito, ɗan ƙaramin Baitalami ya nuna.

Ni dai Hannatu ce take ba ni kunya. Ku duba Luka sura 2, shekara 7 kacal ta yi da mijinta ya rasu, ga ta tsohuwa mai shekara 84 ba ta rabuwa da Haikali, azumi da addu'a dare da rana, har ranar da aka shigo da jariri Yesu ta gan shi da idonta. Mu kuwa addu'ar wata uku in ba amsa sai mu fara cewa Allah ya manta da mu, ni ma ina ciki.

Makonni huɗun nan na Adbent, lokacin shirin Kirsimeti, kada su ƙare a zaryar gidan tela da kukan tsadar shinkafa. Ke mama da kike jiran yaron nan ya dawo hanya, kai ɗan'uwa da takardunka suka tsufa a jaka ba aiki, daren yau ku buɗe Ishaya 9 da 11 ku karanta da iyali kafin a kwanta. Ran Lahadi kuma a zo sujada da wuri, za a kunna kyandir na biyu.