Ba mu da teku a Katsina, amma muna biyan kuɗinsa

A watan Agustan 2023 Shugaba Bola Tinubu ya kafa ma'aikatar harkokin teku da arziƙin ruwa, ya ɗora Adegboyega Oyetola a kanta. A nan Katsina labarin ya wuce kamar ba a yi ba, don an ɗauka magana ce ta mutanen Legas da Fatakwal. A ganina wannan sakaci ne, kuma 'yan majalisarmu ne ya kamata su fara jin nauyinsa.

Shiga Babbar Kasuwar Katsina da safe ka tsaya wurin masu kifin ƙanƙara. Ana yage kwali, ana ɓamɓare kifin ɗaya bayan ɗaya da wuƙa, mai saye na ta ƙorafin tsada, mai sayarwa na rantsuwa cewa haka ya saro. Gaskiyarsa ce. Kifin nan jirgin ruwa ya kawo shi, ya yi jira a tasha, an biya kuɗin ajiya da na kwastan, sannan tirela ta ɗauko shi daga Legas tana tsayawa a shinge bayan shinge. Haka injin ban ruwa, haka kayan gyaran babur. Duk kwanan da kwantena ta ƙara a tashar jiragen ruwa ta Apapa da ke Legas, aljihun Bakatsine ne ke biya.

Shi ya sa tashar tsandauri ta Funtua, wadda aka buɗe a 2024, ta fi damuna fiye da komai a tsarin nan. Manufarta ita ce ɗan kasuwa ya gama da kwastan a gida, riɗi da zoborodo da auduga su shiga kwantena tun daga nan. Amma tashar tsandauri ba ta tsayuwa sai da jirgin ƙasa mai ɗaukar kaya a kan kari. Funtua na kan tsohon layin dogon Zariya zuwa Ƙauran Namoda, kuma kowa ya san halin da layin yake ciki. In dai tirela ce za ta ci gaba da jigila, an gina rumbu ne ba a yi masa ƙofa ba.

Ga kuma layin Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa Daura da Katsina da Jibiya. Nijar ba ta da teku, ta daɗe tana dogaro da tashoshin Kwatano da Lome. Idan layin ya haɗu da tashoshinmu, har da ta Lekki da aka buɗe a 2023, wannan ciniki ta ƙofarmu zai bi.

Ban manta da mutanen bakin ruwa ba. Garin Ayetoro a Jihar Ondo teku na cinye shi, malalar mai ta kashe wa masuntan Ogoni sana'a. Wanda ya ga hamada na cin gona a arewacin Daura ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan zafi. Kuma in kamun kifin gida ya mutu, sai mu ƙara dogaro da na waje da ake saye da dala.

Don haka sanatocinmu uku da 'yan majalisar wakilai su halarci zaman kasafin wannan ma'aikata da na ma'aikatar sufuri, su tambayi ministocin a fili: kwantena nawa ta fita daga Funtua tun buɗe ta, kuma yaushe jirgin kaya zai fara isa can?