Na ƙasa na ƙasa ne

A wata gona can hanyar Tanut a Nijar, Baƙauye na cikin noma sai ga Mushe, wani ma'aikacin gwamnati, ya sauko daga mota da takarda a hannu. Bafillace na gefe, sanda a kafaɗa, yana kallon ikon Allah.

Mushe: Sannu da aiki, Baba. Wani kamfani ya samu izinin binciken ma'adinai, kuma gonarka ta faɗo ciki.

Baƙauye: Ta faɗo? Tun zamanin Sarki Tanimun take nan, ba ta taɓa ko tuntuɓe ba. Ga takardar Kofo, hukumar filaye, har da sa hannun mai gari.

Mushe: Takardarka daidai take. Dokar karkara ta 1993 ta yarda gonar gado mallaka ce. Amma sama kaɗai. Dokar ma'adinai ta 2022 ta ce abin da ke ƙasa na ƙasa ne.

Baƙauye: Yo da na sama zai zama?

Mushe: Nijar nake nufi, Baba.

Baƙauye: To gyaɗata fa? A ƙasa take ƴaƴa.

Mushe: Taka ce.

Baƙauye: Kakana da ke kwance gindin gawon can?

Mushe: Allah ya jiƙansa.

Baƙauye: Amin. Dama in na gwamnati ne, ana binsa bashin awaki biyu.

Bafillace: Aradu mu ke binsa!

Baƙauye: Rufe mana baki, Jauro. Mushe, na yarda, ku ɗauki naku. Ku fara haƙa daga Yamai ku biyo ta ƙarƙashi, kada dai ku taka mini gero.

Mushe: Ba haka ake yi ba. Ta sama ake shiga, amma sai an biya ka diyya tukuna. Kuma kashi 15 cikin 100 na kuɗin ma'adinai ƙananan hukumomin jiha ake mayar wa. Ba ga matatar mai ta SORAZ nan ba? Tun 2011 take aiki, an gina ta don tace ganga 20,000 a rana.

Baƙauye: Ina hango haskenta da dare, in na fito neman akuyata da cocila.

Bafillace: Mushe, ni fa? Ba ni da sama, ba ni da ƙasa, sai shanu.

Mushe: Dokar makiyaya ta 2010 ta kare burtali. Ba a sayar da shi, ba a nome shi.

Bafillace: Madalla! Daga inda kake tsaye har gawon can burtali ne. Bara-waccan Baba ya haɗiye shi.

Baƙauye: Kai Mushe, rana ta yi zafi. Zo inuwa mu yi zancen diyyar nan mu biyu.

Mushe: In burtali ne, Baba, babu diyyar wannan gefen. Shi ma na ƙasa ne.

Baƙauye: Saman ma?

Bafillace: Saura awakina biyu.