Finafinan da muke kewa, mun sake kallonsu kuwa?

Duk inda 'yan Kano mazauna waje suka haɗu, ba a tashi sai wani ya ce an lalata fim ɗin Hausa, na da su ne masu ma'ana da tarbiyya. Ni ma ɗan zamanin kaset ne, lokacin da ake aiken yaro shagon haya ya karɓo sabon fim, a cika ɗakin da ke da bidiyo ana addu'ar kada a ɗauke wuta. Amma ban yarda da wannan hukunci ba, kuma zaman Alƙahira ne ya raba ni da shi.

Masarawa sun fi mu son tsohon abu. Akwai tashoshin da ba su da aiki sai haska finafinan da aka yi tun hoto yana baƙi da fari, wasannin daɓen Adil Imam kuwa kusan kowace sallah sai an maimaita su. Saboda abin yana gabansu kullum, sun riga sun tace shi. Bamisire zai faɗa maka kai tsaye cewa wannan fim gwaninta ce, wancan kuwa shirme ne, ko da yana ƙaunarsa. Mu namu kaset ya ci, faifan CD ya karce, abin da ya tsira a YouTube ƙalilan ne kuma dishi-dishi. Da abin da muka tuna muke yanke hukunci, shi kuwa tunanin yaro ɗan shekara goma ba alƙali ba ne.

A nemo guda ɗaya na wajen shekarar 2000 a kalla da idon manya. Iska ta fi muryar ɗan wasa ƙarfi, kyamara guda ce an kafe ta, mota za ta fito daga gida a bi ta har ta sha kwana don kawai kaset ya cika. Labarin, sau da yawa na Indiya ne aka sa wa hula da ɗankwali. Ba abin mamaki ba ne, garin da ya shekara da shekaru yana cika sinimomin Plaza da Orion da Marhaba don kallon Amitabh Bachchan. Kiɗan kuma fiyano ɗaya ce take yin ganga, ta yi sarewa, ta yi komai.

Batun tarbiyya ya fi ba ni dariya. Waɗannan finafinan ne fa iyayenmu suka riƙa kira ɓata tarbiyya, malamai suna wa'azi a kan rawa da waƙar da ke cikinsu, har aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001. Yau mu ne muka zama iyayen, muna maimaita maganarsu a kan abin da 'ya'yanmu ke kallo.

Duk da haka akwai inda na da suka yi zarra, sai dai ba a can muke nuna yatsa ba. Harshe ne. 'Yan wasan gidajen talabijin na NTA da CTV, irin su Samanja da Kasimu Yero da Kuliya, da waɗanda suka fito daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo kamar Tumbin Giwa da ta yi fim ɗin Turmin Danya a 1990, bakinsu cike yake da Hausa: karin magana, habaici, zaurance, gatse. Marigayi Rabilu Musa Ibro, Allah ya jiƙansa, ko fim ɗin ba shi da kai ba shi da gindi, shi kaɗai zai riƙe ka da bakinsa. Na yanzu sun fi su hoto da sauti nesa ba kusa ba, tun bayan zuwan Arewa24 a 2014 ma aikin ya ƙara tsafta, amma sai ka ji ɗan wasa yana zance kamar an fassara masa daga Turanci, ana jan labarin mako uku har shekara biyu.

'Ya'yana a nan suna iya kawo maka barkwancin Masarawa da aka yi kafin a haife ni, domin suna ganinsa a talabijin. Na ce zan nuna musu Samanja, abin da na samu 'yan gutsattsari ne da wani bawan Allah ya ɗora a intanet, sautin ma sai an kasa kunne.