Ƙibar mai ciki ba ta nuna ƙoshin jariri

A ranar sunan ɗan ƙanwata, wata gwaggonmu ta karɓi jaririn ta jinjina shi a tafin hannu kamar mai gwada nauyin ƙwaryar fura, sannan ta dubi maijego ta ce, "Masha Allah, ƙibar nan taki ba ta tafi a banza ba, 'yar nan." Kowa ya yi dariya, har da ni, domin yaron ya zo da kusan kilo 4, uwarsa kuwa ta cika ta batse tun cikin yana wata biyar. Bayan wata shida aka kai shi asibiti saboda yawan kuka da laushin jiki, likita ya taɓa ƙoƙon kansa ya ji ƙashin bai yi ƙwari yadda ya kamata ba, ya sa aka yi wa uwa da ɗa gwajin jini, sakamako ya nuna dukkansu suna fama da ƙarancin bitamin D. Ƙanwata ta kira ni da mamaki tana cewa, "Yaya, ni da nake cin abinci sau huɗu a yini, me kuma zan rasa?"

Wannan tambayar tata ce ta sa ni wannan rubutu, domin ina ganin yawancinmu da ido muke auna lafiyar mai ciki. Idan ta yi ƙiba sai mu ce ciki ya karɓe ta, a yaba wa miji cewa yana kiwo da kyau, alhali kuwa akwai abin da kitse yake yi wa bitamin D wanda ba a gani daga waje. Shi wannan sinadari a cikin maiƙo yake narkewa, saboda haka idan kitse ya yi yawa a jiki sai ya riƙe kaso mai yawa daga cikinsa, abin da ya rage yana yawo a jini ya zama kaɗan. Jariri kuwa ba shi da wata hanyar samunsa a ciki sai abin da ya ratso ta mabiyiya daga jinin uwarsa, kuma da wannan ɗan guzurin zai fito duniya. Nonon uwa, duk da cewa babu abincin da ya kai shi a wata shida na farko, ba ya ɗauke da bitamin D mai yawa, shi ya sa ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara tun 2008 cewa a riƙa ɗiga wa jaririn da ke shan nono ma'auni 400 na wannan bitamin a kowace rana. Yaron da aka haifa da ƙaramin guzuri, jikinsa ba zai iya zuƙar sinadarin kalsiyam yadda ya dace ba, daga nan ake samun laushin ƙashi da jinkirin rufewar maɗiga da lanƙwasar ƙafa idan ya fara tafiya, wani lokaci ma har da jijjiga, wadda mu kuma nan take za mu ɗora wa iska.

Wani zai ce ai mu rana ta yi mana yawa, wannan matsalar mutanen Ingila ce. Gaskiya ne fatar mutum tana ƙera bitamin D idan rana ta taɓa ta, amma baƙar fata tana buƙatar lokaci fiye da fara, kuma ranar da ta ratso ta gilashin taga ba ta yin wannan aiki. Ku dubi rayuwar matar birni a yau: gidan haya mai tsakar gida a rufe da kwano, daga ɗaki zuwa Keke Napep, daga nan zuwa wani ɗakin. Kakanninmu suna shan hantsi a tsakar gida suna surfe da tankaɗe, ba tare da sun san wani magani suke sha ba. Ban ce kowace lanƙwasar ƙafa daga nan take ba, domin binciken da aka yi a Jos aka wallafa a 1999 ya nuna cewa yara da dama masu wannan ciwo kalsiyam ne ya yi ƙaranci a abincinsu, kuma da aka ba su shi suka sami sauƙi. Wannan ma dai magana ce ta abin da ke cikin kwano, ba ta yawan abin da aka ci ba.

Abin da ya fi damuna shi ne sinadarin folik asid, wanda ke cikin ƙananan ƙwayoyin da ake bayarwa tare da maganin ƙarin jini a wajen awo, kuma shi ne ke taimaka wa lakar jariri ta rufe daidai. Lakar jariri da ƙwaƙwalwarsa suna rufewa cikin kwana 28 na farko, wato lokacin da mace da yawa ba ta ma tabbatar tana da ciki ba, kuma likitoci sun daɗe da sanin cewa ƙiba mai yawa tana ƙara haɗarin haihuwar yaro da buɗaɗɗiyar laka. Mu kuwa sai ciki ya fito fili, wata biyar ko shida, sannan ake tunanin zuwa awo, saboda kunya ko gudun baki. A lokacin aikin gama ya gama.

Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 28 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, kashi 12 sun rame, kashi 58 kuma suna da ƙarancin jini. Ramammiyar uwa kowa yana ganinta yana tausaya mata, ko da ba a yi komai ba, amma mai jiki ko tunanin a tambaye ta ba a yi, alhali tuwo da taliya da lemon kwalba suna iya ƙara kilo ba tare da sun ƙara wani bitamin na kirki ba. Balle a zo ga 'yan matan da ke shan ƙwayoyin sha-ka-fashe kafin aure don su cika ido ranar biki, su shiga ciki na fari da jikin da magani ya kumbura.

Ranar da na raka ƙanwata awo a cikinta na biyu, na lura an ɗora ta a sikeli an rubuta lamba, amma ba wanda ya auna tsayinta, kuma nauyi ba tare da tsayi ba ba ya nuna ko ƙiba ta wuce kima. Macen da tsayinta mita 1.6 ne, nauyinta kuma kilo 80 kafin ciki, ta haura 30 a ma'aunin gwada nauyi da tsayi da likitoci ke kira BMI, wato ƙibarta ta yi yawa, kuma irinta ƙarin kilo 5 zuwa 9 ya wadatar har ta haihu. Ba ina nufin mai ciki ta shiga horon yunwa ko ta nufi kemis ta kwaso bitamin da kanta ba, domin yawan bitamin A ma yana iya lahanta ɗan tayi. Ina nufin ta buɗe baki ta tambayi likita ko tana buƙatar gwaji ko ƙari, maigida kuma ya rage kuɗin maltina ya sayo ƙwai da kifi da wake da nono da zogale.

Yanzu ƙanwata tana fito da tabarma kowace safiya ta zauna a hantsi da yaranta biyu kafin ta ɗora girki, ta kuma sauke kilo 7 kafin ta ɗauki cikin na biyun. Gwaggo ta zo dubiya makon jiya, ta ƙare mata kallo, ta ja ni gefe tana tambayata ko lafiya suke zaune da mijinta.